Jikar Maɗori a Ajin Zane

Tun ina ƙarama na saba da jin ihun manya. Kakana na wajen uba maɗori ne, gadonsa ya yi, kuma zaurenmu a Funtuwa ba ya rabo da mutane: wanda babur ya kayar, wanda katanga ta rufto wa da damina, yaron da ya faɗo daga kan mangwaro. Aikina shi ne in miƙo kara da tsumma da ɗan kwanon man shanu, in koma bakin ƙofa in toshe kunne. Kaka ba ya tsura wa karaya ido. Kau da kai yake yi gefe kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, yatsunsa na bin hannun mutum sannu a hankali har su tsaya wuri guda. Daga nan sai bisimilla, sai ja, sai ihu.

Ranar da sunana ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello, aka ce wa kakata mace zan karanci zane, sai ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, mun huta da sayen atamfa. Ita zanen ɗaurawa ta ji. Da aka yi mata bayani ta yi shiru, can ta ce, “Yanzu abin da kike ɓata min bangon ɗaki da shi da gawayi, shi ne za a biya wa kuɗin makaranta?”

Ita dai tsokana ce. Baffana ne ya ɗauki maganar da zafi, kuma ba da jahilci ya zo ba. Ya karanto wa Baba hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa ranar alƙiyama za a ce wa masu yin sura su raya abin da suka halitta. Baba malamin firamare ne, ba mai son jayayya ba, sai ya ɗauke ni muka je wajen wani dattijon malami da ya karantar da shi fiƙihu. Malam ya ce abin da malaman Malikiyya suka tsaya a kai shi ne, haramcin yana kan sura mai jiki, mai inuwa, ta abu mai rai wadda gaɓoɓinta suka cika. Wadda aka shata a takarda ko a bango ba ta kai haram ba a wurinsu, ko da yake barinta ya fi. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa akwai malaman da suka tsananta fiye da haka. A nan na yi wa Baba alkawari, in lokacin zaɓar fanni ya yi ba zan zaɓi sassaƙa ba. Baffa bai gamsu ba. Ya ce shi dai ya fita haƙƙi.

Abin da ban faɗa musu ba, don ni ma ban sani ba, shi ne akwai darasin da za a zaunar da mutum a tsakiyar ɗaki a ce in kalle shi awa uku.

Sashen namu a Samaru tsoho ne, ya girmi jami'ar kanta. Tun makarantar tana kwaleji, kafin ta zama jami'a a 1962, ake koyar da zane a wurin. Duk sabon ɗalibi sai ya ji labarin 1958, shekarar da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai masu zane, suka ce za su koyi fasahar Turawa amma ba za su yar da ta gida ba. Na ji labarin ya shiga ta nan ya fita ta can. Ni damuwata a lokacin ita ce yadda zan zauna a kan bencin zane, wani dogon benci mai katako a tsaye a gaba inda ake jingina allo, wanda ake kira jaki, don hawansa ake yi kamar jaki. Ni da doguwar riga da hijabi sai na zauna a karkace, kamar amaryar da aka ɗora wa babur.

Ranar farko aka shigo da wani dattijo, baƙi, gajere, mai faɗin ƙirji. Na san fuskarsa, yana tura kurar ruwa a unguwar da ke tsallaken titi. Ya gaishe da malaminmu, ya tuɓe rigarsa ya ninke ta tsaf ya ajiye a kan taga, ya rage daga shi sai gajeren wando mai kai gwiwa. Ya hau kan dakalin katako ya zauna.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin nan sa'an Baba ne, ko ma ya girme shi. Mu da aka yi wa tarbiyya cewa ba a haɗa ido da babba, in yana magana ka duƙar da kai, yau ga babba ba riga, an ce aikina shi ne kallo. Awa uku na yi ina zane. Na zana kujerar, na zana tagar da rigar da ke kanta, na zana yatsun ƙafarsa da kyau. Daga idon sawu zuwa sama kuwa sai wani hayaƙi-hayaƙi. Malam ya zo ya tsaya a bayana, ya daɗe, sannan ya ce, “Kujerar ta yi kyau. Ina mai kujerar?” Aji ya fashe da dariya. Da na koma ɗaki na yi kuka, na fara tunanin ko maganar Baffa ce ke bina.

Ƙwarangwal ne ya cece ni. Akwai wani na roba a kusurwar ɗakin, a rataye jikin ƙarfe, ɗalibai sun kafa masa hula. Mako na gaba Malam ya jawo shi ya tsayar kusa da dattijon, ya lanƙwasa shi daidai da zamansa, ya ce yau ba wanda zai zana fata. Mu kalli dattijo, mu kalli ƙwarangwal, mu zana ƙashin da ke cikin dattijo. Kusan wata guda abin da muke yi ke nan. Muka haddace: ƙashi 206 a jikin baligi, haƙarƙari 12 a kowane gefe, ƙashin wuya 7, na bayan ƙirji 12, na kwankwaso 5, ƙashin cinya shi ne mafi tsawo. Amma ba haddar ce ta yi min amfani ba. Malam ya koya mana neman wuraren da ƙashi ke taso fata, waɗanda ƙiba ko rama ba ta gusar da su: ɗan ramin gindin wuya, ƙarshen kafaɗa, tsinin gwiwar hannu, kan ƙugu ta gaba, ƙoƙon gwiwa, idon sawu. Ya ce su ne turakun, duk sauran jiki a kansu aka ɗaure shi.

Sai na wayi gari ina kallon dattijon ba tare da gabana ya faɗi ba. Ba wai kunyar ta tafi ba ce, har na gama makaranta ba ta tafi ba. Idona ne ya samu aiki. Ina neman inda allon kafaɗarsa ya zame da ya miƙa hannu, ina lura da cewa in ya tsaya ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, ƙugun dama ya kan ɗaga, kafaɗar dama ta sauka, ramin wuyansa kuma ya daidaita a saman idon sawun ƙafar da ke ɗauke da shi. Wanda ke wannan lissafin ba shi da sararin jin wani abu daban. Na tuna Kaka, yadda ake kawo masa matar aure da karaya a ƙwauri, ya yi aikinsa kansa a kauce, ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin ta ido.

Daga nan aka shiga awo. Ka miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya, ka auna tsawon kan mutum daga tsakar ka zuwa haɓa da babban yatsa, sannan ka ƙirga kai nawa ne a tsawonsa. Littattafai suka ce mutum kai bakwai da rabi ne, wanda ake so ya yi kyan tsayi kuma kai takwas. Ido yana tsakiyar kai, ba can sama inda yara ke sa shi ba. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu. In mutum ya buɗe hannuwansa, faɗinsu ya yi kusa da tsawonsa, wanda shi ne abin da mai zanen Italiya Liyonado da Binci ya zana a wajajen 1490, mutumin nan da ke tsaye cikin da'ira da murabba'i. Malam ya ce shi Liyonado bai tsaya ga awo ba, gawa ya riƙa feɗewa yana zana abin da ya gani a ciki.

Awon nan ya shiga kaina fiye da kima. Ni mai son ƙa'ida ce, a ba ni doka in bi. Cikin 'yan makonni na zama wadda ake leƙa allonta. Duk wanda aka zaunar mana, sai ya fito a takardata dogo, sambal, kafaɗa daidai da kafaɗa. Har na fara jin kaina.

Dattijon nan kuwa ko kusa bai kai kai takwas ba. Kuma jikinsa ba daidai yake ba. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu cika nesa ba kusa ba, don tsohon ɗan dambe ne, hannun da ake naɗe wa zare ke nan. Hannun kuma yana da wani ɗan lanƙwasa sama da wuyan hannu, tafin ya ɗan kauce ya nufi ɓangaren babban yatsa. Ni duk na ɗauka kuskure ne da bai kamata ya shiga takarda ba, sai in miƙe masa hannu, in ƙara masa tsawon ƙafa. A zuciyata ma gani nake alheri nake yi masa.

Wata rana da hunturu Malam ya tsaya a bayana irin tsayuwar nan tasa. Ya nuna hannun da na zana da gindin fensir ya ce, “Wannan hannun na wane ne?” Na ce na dattijon ne. Ya ce, “A'a. Na littafi ne kika ciro kika liƙa masa. Tashi ki je ki gani.” Ya ce zama na gaba kada in zana komai sai hannun dama, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, kuma in ajiye awo, in yarda da idona. Ido ba mudu ba ne, in ji Hausawa, amma ya san kima. Kafin in tafi ya tambaye ni ko na taɓa ganin sassaƙen Nok, na yumɓu, waɗanda aka fara tonowa a kudancin Kaduna wajen haƙar kuza a 1928. Ya ce in je laburare in auna su da fensirina. Na je na auna a hoto. Kan ya yi wa jikin girma ƙwarai, wasu ko rabin awon littafi ba su kai ba, kuma ba mai kallonsu ya ce maƙerinsu bai san mutum ba.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan hannun, don a nan komai ya juya.

Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙashi biyu ne. Ɗaya yana ɓangaren ƙaramin yatsa, shi ne tsinin da kake dogarawa a kan tebur, kuma shi ne ɗan ƙullutun da ke fitowa a gefen wuyan hannu. Ɗayan yana ɓangaren babban yatsa, shi ke ɗauke da tafin hannu. In tafinka na kallon sama kamar mai addu'a, su biyun suna kwance kafaɗa da kafaɗa. In ka kife tafin, na ɓangaren babban yatsa sai ya mirgino ya gitta kan ɗan'uwansa. Gwada ka gani: riƙe tsinin gwiwar hannunka ka juya tafi, tsinin ba zai motsa ba. Wanda bai san wannan ba, duk hannun da ya zana zai fito kamar taɓarya. Daga wuyan hannu zuwa yatsu kuma ƙashi 27 ne: 8 ƙanana a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Yatsun kansu ba tsokar da ke motsa su a cikinsu, jijiyoyi ne ke jan su daga dantse da tafi, shi ya sa in mutum ya motsa yatsa za ka ga naman dantsensa na rawa.

Na jawo jakina kusa da dakali, kusancin da ban taɓa yi ba. Na ce, “Baba, a yi haƙuri, yau hannunku aka ce in zana.” Ya ce, “Bisimilla, 'yata, hannun ai ya gama aikinsa, sai dai kallo.” Sanyi ake yi ranar, iska na shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe, na ga tsigar jikinsa ta tashi amma bai motsa ba. Mutane na ɗauka zaman nan banza ne. Duk wanda ya ce haka ya gwada tsayar da hannunsa wuri ɗaya minti ashirin. In aka ba shi hutu sai a shata inda ƙafarsa da hannunsa suke da alli don ya koma daidai, shi kuma ya sauka yana mammatsa gaɓoɓi, ya ɓare goro. Daga ranar na riƙa zuwa masa da shayi a filas.

Na zana abin da na gani. Lanƙwasar, kaucewar tafin, ƙullutun gefen ƙaramin yatsa wanda ya fito fiye da na kowa, jijiyoyin da suka yi raɗa-raɗa a bayan hannu, kantar da igiyar kura ta bari a tafi. Da na gama na ja baya, sai na ga hannun ya yi muni. Amma shi ne karo na farko da na zana abu na ji kamar zai iya damƙo ni.

Ba a karɓi aikin ba sai bayan hutu, don haka na tafi da shi gida a naɗe a ƙasan akwati. Ba na nuna zanen mutane a gida, furanni da ƙofar gari nake nunawa. Kaka a lokacin ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani, ya bar wa ƙanen Baba yawancin aikin. Wata la'asar ina kai masa kunu a zaure ya ce, “Matata, me ake koya miki a Zariyar nan da kike ɓoye wa mijinki? Ko wani kika samu a can?” Na ce, “Wane ni, tsoho, kai dai da kishi.” Na tsaya ina shawara da zuciyata, sannan na je na ɗauko hannun kawai. Na ce a raina hannu ai ba mutum ba ne.

Ya kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ya kusanto da ita har tana taɓa hancinsa. Sai ya shimfiɗa ta a cinya, ya kau da kai gefe, ya ɗora yatsu biyu a kan gawayin ya fara bi daga gwiwar hannu. Na buɗe baki zan ce zai ɓata min aiki, sai na fasa. Yatsun suka gangaro suka tsaya.

Ya ce, “Nan ya karye. Yatsa biyu sama da wuyan hannu, ƙashin ɓangaren babban yatsa. Faɗowa ya yi daga bisa ya dafe ƙasa da tafi. An ɗora shi, amma ko dai mai ɗorin bai ja sosai ba, ko shi ya yi gaggawar kwancewa. Ƙashin ya kama a gajarce, shi ya sa ɗan'uwansa ya turo kai nan.” Ya danna ƙullutun da na yi ta zargin kaina cewa na cika shi. Sannan ya ce, “Mutumin nan ba ya iya juya tafinsa sama sosai. In zai karɓi abu sai ya haɗa da kafaɗa.”

Tsigar jikina ta tashi. Haka dattijon ke karɓar kofin shayi, ya sauke kafaɗa ya matso da gwiwar hannu jikin haƙarƙarinsa. Sau nawa na gani, na ɗauka ladabi ne.

Ranar muka kai magariba a zaure. Na ɗauko littafina mai hoton ƙasusuwa ina karanta masa. Ƙasusuwan nan biyu da na sha wuyar haddace sunansu na boko, shi wa da ƙane yake ce musu. Da na ce 206, ya ce wa ya zauna ya ƙirga, kuma na yaro ko na babba? Na yi mamaki, don gaskiya jariri ya fi babba yawan ƙashi, wasu daga baya suke haɗewa. Ya ce ƙashin yaro ba ya karyewa ɓaras, tanƙwarewa yake ya tsage gefe ɗaya kamar ɗanyen kara, kuma ya fi saurin kamawa. Duk yana cikin littafin. Shi bai taɓa ganin cikin hannun mutum ba, shekara da shekaru yana lalube a duhu, ni kuma na ga hoton ciki amma ban taɓa taɓawa ba.

Ba ina cewa ɗorin gida ya fi asibiti ba. A zauren nan na ga an kawo yaro daga wani wuri an ɗaure masa hannu tamau har yatsun sun yi baƙi, Kaka ya kwance yana salati ya ce a wuce da shi Dala, asibitin ƙashi na Kano, yanzu-yanzu. Shi kansa in ƙashi ya huda fata ba ya taɓawa, kuma in ya ɗaure sai ya danna farce ya ga jini ya dawo kafin ya sallami mutum. Ba kowane maɗori ke da wannan tsoron Allah ba, kuma ko shi da ya samu hoton ƙashi da ya rage wa mutane ihu.

Da muka koma makaranta na tambayi dattijon lokacin shayi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce daga kan motar albasa ya faɗo yana dako, lokacin har ya yi aure. Mai ɗorin ya ce ya bar karan kwana arba'in, shi kuma kaka ta yi, an fara dambe, kalangu na kiransa, ya kwance tun bai cika wata ba. Ya ce dambe biyu ya ƙara yi a duniya. Ya juya hannun yana kallo, ya ce, “Kakan naki ya gan ni ne?” Na ce a takarda ya gan ku. Ya ce, “To ki gaishe shi. Ki ce laifina ne, ba na ɗan'uwansa ba.”

Na miƙa aikin da sawun yatsun Kaka a jiki, layi biyu da suka share gawayin daga gwiwar hannu zuwa wurin karayar. Malam ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce kada in gyara. Bai ba ni makin da na sa rai ba, ya ce inuwar da na sa ƙarƙashin dantse ta yi nauyi, kuma da gaskiyarsa.

A shekara ta uku aka riƙa kawo mana mata, su da suturarsu cif. Na ɗauka sauƙi ya zo, ashe nan aikin yake. Mu a Arewa yawancin waɗanda za ka zana a cikin babbar riga suke ko hijabi. In ba ka san inda kafaɗa take ba, da inda gwiwa ta turo, rigar za ta fito kamar an rataye ta a ƙusa. Kowace ninkewar tufa daga wani ƙashi ta taso. Sai na riƙa fara shata ƙwarangwal da fensir mara duhu, in tufatar da shi daga baya. Har yau haka nake yi. Illarsa ɗaya, ido ba ya hutawa. A tasha, a gidan biki, a sahun masallacin Idi, ina ganin wadda ta daɗe tana dakon ruwa a ka, da telan da bayansa ya ranƙwafa, da mai ɗingishin da yake ɓoyewa. Wani lokaci ina so in kalli mutum kawai kamar kowa.

Na cika alkawarin Baba, fenti na zaɓa. Kaka ya rasu ina hidimar ƙasa. Dattijon kuma tun kafin mu gama ya daina zuwa, aka ce ya koma ƙauyensu. Yanzu ina koyar da zane a wata sakandaren 'yan mata, a gefe kuma ina zana manyan hotunan sassan jiki da sunayensu da Hausa da Turanci, ɗaliban kiwon lafiya da masu ɗakin shan magani na saye.

Bara 'yar Baffa ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Wata Asabar sai ga Baffa da kansa a gidana. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar taki, can ya ce yarinyar nan ta ce ƙasusuwa na ba ta wuya, ko zan zana mata irin babban nan ta manna a ɗaki. Na ce, “Baffa, ai ko aike kuka yi ya isa.” Ya miƙe zai tafi, ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Amma a bar kan.” Na ce ƙwarangwal ai ba shi da fuska. Ya ce duk da haka.

Na zana mata daga ƙashin wuya na farko zuwa yatsun ƙafa. Ƙoƙon kan, da ƙasusuwansa 22, na zana shi a wata takarda daban, na ba ta a hannu ranar da ta zo karɓa.